Tambayi Magini: Tsohon cocin Baftis na titin Broad, tsakanin shekarar allo da shekarar bango

Wasiƙu uku na wannan wata duk a kan abu ɗaya suka faɗo, don haka na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan canji ne a titin Broad, cikin Ikko. Gardama ce ta kaure tsakaninmu a bakin aiki kan cocin nan na Baftis da ke kan titin, wanda ake kira First Baptist. Ɗaya daga cikinmu ya ce tun 1855 ginin yake tsaye, domin shekarar da masu cocin ke faɗa ke nan. Wani ya ce ba zai yiwu ba, a wancan zamani babu mai gini da bulo a Legas. Muka ce a kawo maganar gabanka. Wa ke da gaskiya, kuma su wa suka gina shi?
Mai karatu daga titin Broad

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da abokan sana'arka, ka ce musu na biyun ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma da sauran gyara a maganarsa.

Shekarar 1855 gaskiya ce, sai dai shekarar jama'a ce, ba ta bango ba. A cikinta aka fara taron Baftis a Legas. Abin da ake rubutawa a allon ƙofar coci, ko na masallaci ma, yawanci lokacin da mutane suka fara taruwa ne. Ginin kuwa ana iya rushe shi a sake, a kuma sakewa, allon yana nan yadda yake. Duk yaron da ya zo koyon aiki a hannuna, abin da nake fara nuna masa ke nan: in ana son shekarun gini, bulo ake dubawa da kwaɓin da ya riƙe shi.

Ka ɗan hango Legas ta 1855. Shekara huɗu ke nan da jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta a ƙarshen 1851, suka kori Sarki Kosoko suka mayar da Akitoye. Ɗan Akitoye, Dosunmu, shi ke kan gado, kuma sai a 1861 Turawa suka karɓe garin gaba ɗaya. Gidajen talakawa na ƙasa ne da gora da tukurwa, rufin jinka, shi ya sa gobara guda kan lashe unguwa. Shi kansa titin da kake tsayawa kana canji, da na Marina da ke bakin ruwa, da shigowar mulkin Turawa aka shata su. Ɗakin ibadar farko na 'yan Baftis da irin kayan da kowa ke gini da su aka yi shi, kuma irin wannan ɗaki ba ya jure ruwan saman Legas da gararta.

Wanda ya kawo ɗariƙar Baftis ƙasar nan Ba'amurke ne daga jihar Jojiya, Thomas Jefferson Bowen. Ya sauka Badagiri a 1850. Idonsa ba a kan bakin teku yake ba, cikin ƙasa ya nufa, wajen namu. Ya zauna Abekuta, ya kafa tasha a Ijaye, sannan a Ogbomosho a 1855, ya je har Ilori neman izinin zama, Sarki bai ba shi ba. To mai aiki a cikin ƙasa dole ya sami wanda zai zauna masa a bakin ruwa, ya riƙa karɓar kaya da wasiƙu da kuɗi daga jirgi. Wannan aiki ne ya kawo Joseph Harden Legas a 1855. Baƙar fata ne haifaffen Amurka, ya fara zama Laberiya kafin ya ƙaraso nan. Shi ya fara tara mutane. Daga baya ya auri Sarah Marsh, daga cikin 'yan Saro, wato Yarbawan da aka kuɓutar daga jiragen bayi aka sauke a Saliyo, su ko 'ya'yansu suka dawo gida. Makarantar Baptist Academy da ke Obanikoro a kan hanyar Ikorodu ma daga wancan lokaci take lissafa asalinta.

Ga inda maganar bulo ta shigo. A 1861 yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka, ya ɗauki shekara huɗu. Ƙungiyar da ta aiko su ta jihohin kudu ce, waɗanda aka ci da yaƙi, sai kuɗi ya yanke ƙaf. Harden bai tattara ya koma ba. Ya kama sana'ar gasa bulo yana sayarwa, da ita ya ci da iyalinsa, da ita ya riƙe aikin har ya rasu a 1864. Ka ga ke nan kafin 1864 ana gasa jan bulo a Legas, kuma cikin masu gasawar har da mutumin da ya kafa cocin da kuke gardama a kai. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗora bulo kan bulo, wannan labari yana shiga raina ƙwarai. Gasa bulo aikin ƙarfi ne: a haƙo yumɓu, a taka shi da ƙafa, a buga a mazubi, a shanya ana fargabar hadari, a jera a matoya, sannan a yi kwana da kwanaki ana zuba itace ba barci. Kuma kada a manta, ita ƙungiyar ta kudu an kafa ta ne a 1845 bayan saɓani kan bauta, tana ɓangaren masu riƙe da bayi. Lokacin da wuya ta zo, waɗanda suka riƙe mata aiki a Legas 'ya'yan bayi ne da jikokinsu.

Bayan rasuwar Harden, matarsa Sarah ta ci gaba da tara jama'a, tare da wani matashi Bayarabe, Moses Ladejo Stone, da kuma wani kafinta mai suna James Vaughan. Shi wannan kafinta an haife shi a jihar Karolina ta Kudu a 1828, ɗan wani bawa da ya sami 'yanci. Ya zo Laberiya, daga can ya shigo ƙasar Yarbawa yana yi wa mishan aikin katako. Yaƙin Ijaye ya tashe shi, ya koma Abekuta, a 1867 aka kori 'yan mishan daga can, ya sauko Legas. Nan ya buɗe kasuwancin kayan gini da ƙarafa, ya yi arziki, ya zama ginshiƙin cocin har ya rasu a 1893. Mai bulo ya kafa, mai katako ya tallafa. Shi ya sa in aka ce min Turawa ne suka gina Baftis a Legas, nakan ce a dakata tukuna.

Baturen da ya dawo da hannun mishan shi ne William David, wanda ya iso a 1875 tare da wani baƙar fata ɗan Amurka, William Colley. A 1876 aka tsara jama'ar ta zama coci mai dokoki da shugabanni. David mutum ne mai son gini. Shi ya tsaya aka yi babban coci mai ƙwari a titin Broad, da kayan da ya sa aka ɗauko daga Amurka a jirgin ruwa, aka gama wajen 1887. A wancan zamani gilashi da ƙusa da kwano da ƙarfe duk ta teku suke zuwa, ƙasa da yashi da hannun ma'aikata ne na gida. Don haka in ana neman lokacin da Baftis suka fara mallakar babban gini na daɗewa a wannan titi, sai an ƙara shekara talatin da ɗoriya a kan abin da abokinka na farko ya faɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da na fi so ku riƙe. Ginin bai cika shekara biyu ba jama'arsa suka fice. Stone, wanda ya zama fastonsu, albashinsa ba ya isarsa, ya nemi ƙari bai samu ba, ya ɗan taɓa kasuwanci, David ya sallame shi ba tare da shawartar jama'a ba. A tsarin Baftis kuwa jama'a ce ke ɗaukar fasto, ita ke sauke shi. A 1888 mafi yawansu suka tashi suka bar wa Bature sabon gininsa, suka kafa tasu da suka kira Native Baptist, wadda daga baya ta zama Ebenezer. Ana lissafa ta a matsayin coci na farko a ƙasar nan da baƙaƙe suka tsayar da ƙafarsu ba hannun mishan. Vaughan na cikinsu, haka ma wani malami, David Brown Vincent, wanda ya ajiye sunan Turawa ya koma Mojola Agbebi. Stone ya dawo titin Broad a 1894. Agbebi kuma ya jagoranci wani reshe a 1903, shi ne Araromi. Sai a 1914 ɓangarorin suka haɗu a Ibadan ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, Agbebi ya zama shugabanta na farko, kuma a 1919 ta ɗauki sunan da ya haɗa Najeriya duka. Ran da ciniki ya yi sanyi, ka taka zuwa titin Campbell ka ga Ebenezer, ka wuce titin Moloney ka ga Araromi. Tafiyar ƙafa ce. Cocin Baftis uku a kusa da juna a tsibiri guda, asalinsu wannan rigima.

Tun da ka fita yawon, ka biya ta titin Martins ka yi sallah a masallacin Shitta-Bey, ka tsaya ka dubi gabansa da kyau. An buɗe shi a 1894, shekara bakwai bayan cocin David. Muhammadu Shitta ne ya ba da kuɗi, maginin kuwa João Baptista da Costa ne, daga cikin 'yan Aguda da suka dawo daga Burazil, Sanusi Aka na taimaka masa. Wannan masallaci yana tsaye da bangonsa na asali, kuma zai nuna maka irin gwanintar hannun da ke Legas a shekarun da ake maganarsu, fiye da duk abin da zan rubuta maka.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Baba. Ni direba ne, ina zaune Obalende. Na kai maigidana ɗaurin aure a babban cocin Marina, wani lokaci kuma a wani tsohon cocin Baftis, duka na leƙa ciki. Na Marina dogo ne, ga ginshiƙai, ga tagogi masu launi. Na Baftis kuwa fili ne kawai da bencina, ba ado, sai wani rami mai matakala a can gaba. Rashin kuɗi ne ya sa, ko me?
Mai karatu daga Obalende

AMSA: Tare da naka, ɗana. Idonka ya ga abin da ya kamata. Ba rashin kuɗi ba ne, aƙida ce ta zana ginin.

Wanda ka gani a Marina na Angilika ne. Yarima mai jiran gadon Ingila ya aza harsashinsa a 1925, aka gama a 1946, kuma Bagan Benjamin ne ya zana shi. Salonsa na tsofaffin majami'un Turai ne: baka mai tsini, zaure dogo siriri, komai yana jan ido zuwa bagade a can ƙurya, domin a wurinsu abin da limami ke yi a kan bagade shi ne tsakiyar ibada. A wurin Baftis kuwa wa'azi ne tsakiya. Saboda haka mumbari ake sawa a tsakiyar bangon gaba, a ɗaga shi sama, ɗakin kuma a yi shi da faɗi, kada na baya ya yi nisa. Ka tuna babu lasifika a lokacin. Muryar mutum ɗaya ce za ta kai ga kowa, shi ya sa in jama'a ta yi yawa ba a ƙara wa ɗakin tsawo, sai a ɗora bene na katako a gefe biyu da baya, mutane su zauna a sama kusa da mai magana. Mu ma mun san wannan hikima ta wata fuska: masallaci faɗi yake so saboda sahu, bangon alƙibla shi ke mulkin zanen duka. Kowane ɗakin ibada, abin da ake yi a cikinsa ne ke yanke masa tsawo da faɗi.

Rashin adon yana da tarihi. Ɗariƙar ta fara ne a 1609 a Amstadam ta ƙasar Holan, tsakanin Ingilishi masu gudun hijira ƙarƙashin John Smyth. Wajen 1612 Thomas Helwys ya koma Landan da wasu daga cikinsu, ya mutu a kurkuku. Shekaru da yawa doka ba ta yarda su yi taro ba, a gidaje da rumbuna suke ɓuya. Sai a 1689 aka yi dokar sassauci, ita ma da sharaɗi: a yi wa wurin rajista, kuma kada a kulle ƙofa lokacin taro. Mutanen da suka saba ɓuya ba sa gina abin da zai ja ido. A garin Tewkesbury na Ingila akwai tsohon ɗakin ibadarsu da ya rage har yau. Gidan zama ne na katako tun ƙarni na 15, a cikin wani lungu da ba a ganinsa daga babban titi. Wajen 1720 aka gyara shi, aka faɗaɗa tagogi, aka sa mumbari da bene, aka haƙa wurin baftisma a ƙarƙashin daɓe. A 1805 suka gina sabo a wani titi, sassan tsohon kuma aka mayar da su ɗakunan haya. A Amurka ne suka sami sarari suka fito fili. Wanda suka gina a Providence a 1775 yana da doguwar hasumiya, amma in ka shiga ciki tsarin bai canza ba: mumbari a tsakiya, bene a gefe, farin bango. Ta wannan hanya ta Amurka salon ya iso Legas, daga nan kuma 'yan kasuwar Ogbomosho suka bi layin dogo da shi zuwa Kaduna da Zariya da Kano da Jos.

Ramin da ka gani shi ne wurin baftisma, kuma shi ne alamar da ba ta ɓata. Su ba sa yayyafa wa jariri ruwa a goshi. Sai mutum ya girma ya furta da bakinsa, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya. Da a rafi ko kogi ake yi, daga baya aka shigo da ruwan cikin ɗaki. Zurfinsa yakan kai ƙugun babba, da matakala, sau da yawa ta gefe biyu, a shiga ta nan a fita ta can. A tsofaffin gine-gine katako ake rufe shi da shi, mutum ya taka bai sani ba.

A wurin magini wannan rami shi ne wuri mafi wuya a ginin duka. An taɓa kirana gyaran wani ƙaramin tsohon cocin Baftis a ƙetaren gada, wai bangon gaba yana jiƙewa, suna zargin kwano. Na hau na duba, rufi lafiya lau. Da muka ɗaga katakon da ke ƙarƙashin mumbari, sai ga tsaga siririya a kusurwar ramin, duk ran da aka cika shi ruwa yana tsiyaya cikin harsashi. Tsibirin Legas da kewayensa yashi ne, ruwan ƙasa kuma yana kusa, don haka ramin yana shan matsi ta ciki in an cika, ta waje in an kwashe. Wanda ya gina irinsa da jan bulo da farar ƙasa ya riƙe ruwa shekara da shekaru, ya ci sunan gwani.

In ka sake shiga irin wannan gini, ka ɗaga kai. Za ka ga rufi can sama, tagogi dogaye suna fuskantar juna don iska ta ratsa, bango mai kauri, bakin kwano ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa. Zane daga waje ya zo, amma zafin Legas ne ya gyara shi.

TAMBAYA: Gaisuwa da fatan alheri Baba. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, ina koyarwa a Legas, kuma ina cikin kwamitin gini na ikilisiyarmu ta Baftis. Muna da tsohon ɗakin sujada na jan bulo da iyaye suka bari. Ya yi mana kaɗan, bango yana kumbura yana zubar da fenti, ƙasansa kullum a jiƙe. An yi masa filastar siminti, abin ya ƙaru. Yawancin kwamiti sun ce a rushe a yi bene. Zuciyata ba ta kwanta ba. Me za ka ce?
Malama daga Legas

AMSA: Na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Ban ga ginin ba, saboda haka hukuncin ƙarshe na injiniyan da zai zo ya taɓa bangon ne. Amma abin da kika kwatanta na san shi sarai, kuma yawanci ba ciwon ajali ba ne.

Tsohon jan bulo da farar ƙasa aka ɗora shi, wadda a bakin teku ake samu ta hanyar ƙona ɓawon kawa. Irin wannan bango yana shan danshi daga ƙasa, yana fitar da shi ta jikinsa iska ta kwashe. Da aka shafa masa siminti, aka bi da fenti mai sheƙi, an toshe masa hanyar. Kamar mutum ne ya sa rigar leda a watan bazara: gumin yana nan, ba inda za shi. Sai ruwan ya ƙara hawa sama, gishirin da ke cikinsa ya taru a bayan filasta, ya ture ta, ya riƙa cin fuskar bulo. Masu manna tayil a ƙasan bango don ɓoye danshi, sama kawai suke kora shi.

Kafin a yi maganar rushewa, ku fita waje ku duba ƙasa. A Legas ana ta ɗaga titi da kwata, tsofaffin gine-gine suna komawa cikin rami. In harabarku ta fi daɓen ciki tudu, ko an zuba kankare har jikin bango, to ruwan sama a gindin ginin yake kwana. A sare kankaren daga jikin bango, a yi magudana, a gyara indararo. Sannan a sami kafinta ya hau da sukundireba ya soki kan kowane katakon rufi, daidai inda ya shiga bango, domin nan gara da ruɓa suke farawa. In katakon itacen loko ne, sau da yawa za a tarar yana nan garau. In akwai tsaga, a manna ɗan gilashi a kanta da filasta, a rubuta kwanan wata a gefe. Gilashin ya fashe, ginin yana motsi, a kira injiniya ba jinkiri. Ya wuce damina bai fashe ba, tsohuwar tsaga ce da ta zauna. Ramin baftisma ma a cika shi, a sa alama, a dawo washegari a ga ko ya ragu. Abu ɗaya da zan hana ku da babbar murya: kada kowa ya zuba dekin kankare a kan wannan bango don a sami bene. Ba a gina shi don ɗaukar wannan nauyi ba, kuma rayukan mutane ne a ƙasa.

Maganar ƙarancin wuri gaskiya ce, ban raina ta ba. Jama'a ta ƙaru, alheri ne. In akwai fili a gefe ko a baya, a gina sabon a can, tsohon ya zama na yara ko na addu'ar safe. Zuciyarki da ba ta kwanta ba tana da hujja, domin mun ga abin da gaggawa ta jawo. Gidan Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, na salon Burazil, yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, aka rushe shi a watan Satumba na 2016. Babban masallacin Legas da aka buɗe a 1988 abin alfahari ne, amma a gurbin wani yake wanda aka gama a 1913, kuma yau sai a hoto ake ganin wancan. Ni Bazazzagi ne, mahaifina maginin ƙasa ne, kuma har yau raina yana sosuwa in na tuna masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, yadda aka rage shi aka lulluɓe sauran a cikin sabon gini. A Wusasa kuwa cocin ƙasa da aka gina a 1929 da rufin bakan gizo irin namu yana nan, saboda masu shi sun yarda su riƙa yaɓe shi. Ba addini ɗaya ke wannan asara ba, kuma ba addini ɗaya ya iya riƙo ba.

In kwamiti ya rinjaye ki, ko injiniya ya ce ginin ba zai tsira ba, to kada a kawo katafila sai an yi abu uku. A auna ginin a zana shi ciki da waje, a ɗauki hoton kowane bango da taga da rufi. A zauna da tsofaffin ikilisiya a naɗi muryarsu kan wanda ya ba da fili, wanda ya ɗora bulo, da shekarar da aka canza rufi. A cire mumbari da ƙofofi da ƙararrawa da dutsen harsashi da hannu, a ba su wuri a sabon gini. Kuna iya neman shawara a ofishin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da ke Onikan, ko wurin ƙungiyar Legacy da ke gidan Jaekel a harabar 'yan jirgin ƙasa a Ebute Metta, aikinsu ke nan.

In kuma aka yarda a gyara, a ɓamɓare simintin da guduma da kurfi a hankali, ba da injin ba, daga ƙasa har a wuce inda danshi ya tsaya. A bar bangon tsirara ya sha iska. A jiƙa farar ƙasa ta buhu a cikin duro ta yi makonni, a kwaɓa awo ɗaya da awo uku na yashin rafi wanda ba gishiri, kada a taɓa na bakin teku. A shafa siriri, shafi biyu ko uku, ana yayyafa ruwa tsakani don kada ya bushe da gaggawa ya tsage, a ƙarshe a wanke da farar ƙasa maimakon fenti. Ku sa aikin tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin ruwa ya dawo, kuma ku nemi dattijon birkila da ya taɓa aiki da farar ƙasa ya tsaya a kan yaran.